Anti, duk ranar da reno ya zagayo kaina ɗana ne yake shan wahala

Ga saƙon da wata 'yar uwa ta turo, na ɗan rage shi saboda tsayi:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Mu huɗu ne maƙwabtan juna kuma duk muna fita aiki, sai muka haɗa kai muke karɓa-karɓar renon yaranmu, kowa da ranarta. Yaran su takwas ne, ƙaraminsu shekara ɗaya da rabi, babbar shekara biyar. Nawa ɗaya ne, namiji, shekararsa uku. Wata biyar kenan da farawa. A gidan sauran lafiya lau yake har yabonsa suke yi, amma ranar da suke hannuna sai ya rikiɗe, ya ƙwace kayan wasa, ya ture yara, ya manne min a jiki, sau biyu yana cizon wata yarinya. Ni kuma sai in rasa inda hankalina yake, in yi ta masa ihu a gabansu, na sha dukansa ma, alhali ɗan wata ko ya yi abinda ya fi haka lallashinsa nake. Da dare in ya yi barci sai in zauna ina kuka. Yanzu ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina. Abinda ya fi tsorata ni, rannan na ji maganar da ta fito daga bakina sak irin wadda ake gaya min ina ƙarama, dan ni ce babba cikin yara masu yawa kuma ko wa ya yi laifi ni ake kamawa. Maigidana ya ce in cire shi kawai. Shin renon taro ne yake lalata min yaro ko ni ce muguwar uwa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta saƙonki, kuma tambayoyi biyun da kika rufe da su duk amsarsu a'a ce. Sai dai kar ki yi saurin sauke ajiyar zuciya, akwai aiki a gabanki, kuma mafi yawan aikin nan ba a jikin yaron yake ba, a jikinki yake. Na san ba daɗin ji, ki yi haƙuri ki biyo ni.

Bari mu fara kawar da zargin da kike wa renon taro, dan shi ne mai sauƙi. Yaro ba ya lalacewa dan hannaye da yawa sun ɗauke shi. A shekarun 1980 wasu masu bincike, Edward Tronick da Gilda Morelli da abokan aikinsu, sun zauna da mutanen Efe da ke dajin Ituri a Kongo, suka ga jariri ɗan wata huɗu da 'yan kwanaki yana yin kusan kashi 60 cikin ɗari na lokacinsa a hannun wasu ba uwarsa ba, cikin awa takwas sai ya bi ta hannun mutum kamar goma sha huɗu, kuma duk da haka ya san uwarsa sarai, in dare ya yi a jikinta yake kwana. Toh riƙe wannan maganar ta dare. A Isra'ila kuma akwai ƙauyukan haɗaka da ake kira kibbutz, shekara da shekaru yaransu a gidan yara suke wuni kuma a can suke kwana, sai dai su je wajen iyayensu na 'yan awoyi da yamma, da dare masu gadi ne da ake canjawa duk sati suke sauraron kukansu. A 1994 Abraham Sagi da wasu suka fitar da binciken da ya kwatanta jariran da ke kwana a gidan yara da waɗanda suke wuni a can amma su kwana gida. Cikin masu kwana gida kashi 80 sun samu shaƙuwa mai natsuwa da iyayensu mata, cikin masu kwanan gidan yara kashi 48 kacal. Wunin iri ɗaya ne fa, masu renon rana iri ɗaya, bambancin kawai wa yake zuwa in yaro ya farka cikin duhu yana jin tsoro. Daga baya su kansu sun watsar da tsarin kwanan, iyaye mata ne ma suka fi matsawa a daina.

Kinga ashe yawan hannu ba shi ne matsala ba. Abinda yaro baya iya jurewa shi ne ya tsorata ya waiga ya ga babu nasa. Yanzu ki duba ranar renonki da idon ɗanki. A gidan maƙwabciya ba shi da abinda zai rasa, kayan wasan ba nasa ba ne, cinyar da ake rububi ba ta uwarsa ba ce, shi ma baƙo ne kamar kowa, shi ya sa yake lafiya lau har ana yabonsa. Ranar taki kuwa yara bakwai ne suka shigo masa ɗaki, suka hau motarsa ta wasa, ƙaramin yana kan cinyar mamansa, ya matso kusa an ce matsa can kai babba ne, ya yi kuka an daka masa tsawa, wani ya yi irin kukan an rungume shi. Uwarsa tana tsakar ɗakin yana kallonta amma ba ya samunta. Wallahi ko babba aka yi wa haka sai ya ji a jikinsa, balle ɗan shekara uku da bakinsa bai gama iya cewa ina kishi ba. Haƙori ya fi masa kusa da kalma, shi ne ya yi amfani da shi.

Kuma shekarun nasa ma na haka ne. Richard Tremblay, wani masani a Kanada da ya daɗe yana bin yara tun suna jarirai har girma, ya nuna cewa duka da turi da cizo sun fi yawa a rayuwar ɗan adam a wajen shekara biyu zuwa uku, daga nan sai su riƙa raguwa yayin da yaro ke koyon magana da jira. Wato ba koyon faɗa yara suke yi ba, koyon barinsa suke yi, kuma a wajenmu suke koya. Akwai wani labari ma da nake so, lokacin yaƙin duniya na biyu Anna Freud da Dorothy Burlingham suna riƙe da gidajen renon yaran da yaƙi ya raba da iyayensu a Landan. Da farko kowace mai reno tana kula da kowane yaro, sai suka canja, suka raba yaran ƙananan rukuni kamar huɗu-huɗu kowane da tasa mai renon. Me ya biyo baya? Gidan ya kaure da kuka da kishi, yara suna manne wa tasu suna hana wani ya taɓa ta, kamar an ɓata abu. Amma bayan 'yan makonni abin ya lafa, yaran suka fi da saurin magana da saurin koyon tsafta. Kishin nan alama ce ta cewa yaro ya san wace ce tasa, dan haka manne mikin da yake yi kar ki lissafa shi cikin lalacewa.

Toh yanzu mu zo kanki, inda na ce aikin yake.

Ke da bakinki kika faɗi abu biyu, ban sani ba ko kin lura kin haɗa su. Kin ce ɗan wata ko ya yi abinda ya fi haka lallashi kike, kin kuma ce ke ce babbar da ake kamawa ko wa ya yi laifi. Ƙanwata wannan ai zance ɗaya ne. A gidan da kika tashi an koya miki cewa in taron yara ya rikice, akwai mutum ɗaya da zai biya, kuma shi ne wanda ya fi kusa, wanda ba mai zuwa bin kadinsa. Da ke ce. Yau da riƙon ya dawo hannunki kika duba cikin yara takwas, bakwai suna da iyayen da za su tambaya da yamma, ɗaya ne kawai in kin dake shi ba wanda zai buga miki ƙofa, sai kika ɗora masa kujerar da kika zauna a kai. Ba da gangan ba, na sani. Amma haka abin yake.

Akwai wata mata Selma Fraiberg da ta yi aiki da iyaye mata da jariransu a jihar Michigan ta Amurka, a 1975 ita da abokan aikinta suka yi rubutu a kan abinda suka kira fatalwoyin ɗakin reno, wato tsofaffin raunukan yarintar iyaye da suke shigowa su tsaya tsakanin uwa da ɗanta ba tare da an gayyace su ba. Abinda ya fi kama min hankali a cikin abinda suka lura da shi, ba duk wanda ya sha wuya yana yaro ne yake maimaitawa a kan 'ya'yansa ba. Waɗanda suka fi maimaitawa su ne masu tuna abinda ya faru tiryan-tiryan amma sun manta yadda ya yi musu zafi, irin masu cewa ai mu ma an dake mu ga mu nan ba abinda ya same mu, suna faɗa suna dariya. Wanda ya tuna zafin, ya tuna tsoron da kunyar da ya ji, shi ne yake iya cewa nawa ba zai ɗanɗana wannan ba. Ke kin ji muryar ta fito daga bakinki kin gane ta, har ta tsorata ki. Da yawa sai su kai shekara sittin suna maganar da muryar wani basu taɓa ji ba. Dan haka wannan tsoron da kika ji ni a wajena shi ne abu mafi kyau a duk saƙonki.

Sai abu na biyu da baki faɗa ba amma ina jin ƙamshinsa, idon sauran matan. Kina tsoron yarinyar nan ta koma gida ta ce ɗan Anti ya cije ni kuma ba a yi masa komai ba, a ce kina son kai, haɗakar ta watse a ce ke ce sila. Sai kike nuna adalcinki a jikin ɗanki, kina masa hukunci mai tsanani a gaban kowa dan labari ya kai inda kike so ya kai. In haka ne toh ki sani wannan ba adalci ba ne, son kai ne aka juya shi baibai, har yanzu akwai yaron da ake bambantawa, kawai dai naki ne. Kuma yara suna gani. Tun 1939 Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White suka gwada haka a jihar Iowa ta Amurka da ƙungiyoyin yara 'yan shekara goma, wasu aka ba su shugaba mai umarni da tsawa, wasu mai shawara da su, wasu wanda ya sake su sakaka. A ƙarƙashin mai tsawa ne aka ga yara sun taru a kan ɗaya daga cikinsu suna huce haushi a kansa har ya bar ƙungiyar, wasu kuma suka yi laƙwas, shugaba na fita aiki ya tsaya. Naki sun fi waɗancan ƙanana, amma 'yar shekara biyar ɗin nan ta isa ta gane wa ake kamawa a gidanki, kuma in baki yi wasa ba nan gaba kaɗan ko kofi ne ya faɗi sunan ɗanki za su kira tun kafin su waiga.

Sanin kai da ake ta faɗa a intanet kamar wani abin ado, a aikace abu ne mai gundura, kuma ba zama ana tambayar kai me ya sa nake haka ba ne. Wannan zaman kukan da kike yi da dare, gaskiya ba ya ƙara miki sanin komai, shari'a kike yi wa kanki kullum kina yanke hukunci ɗaya, da safe ki tashi a gajiye da kumburarren ido, mai gajiya kuma ita ce mai saurin ihu, sai abin ya zama zagaye. Masu nazarin halayyar ɗan adam suna bambanta mutumin da ya ce na yi abu mara kyau da wanda ya ce ni ce mara kyau. June Tangney ta daɗe tana bincike a kan wannan, na farkon yana tura mutum ya gyara ya nemi yafiya, na biyun kuwa ɓuya yake sa mutum da kare kai da ƙarin fushi. Kalmar muguwar uwa da kika liƙa wa kanki tana cikin na biyun, ki cire ta, ba dan lallashi ba, dan ba ta aiki.

Abinda nake so ki yi a madadin kukan, ki samu ɗan littafi ko ki buɗe wajen rubutu a wayarki, duk ranar renonki in kin yi ihu ki rubuta layi uku kawai bayan abin ya wuce. Ƙarfe nawa ne, me ya faru daf da ihun, me kika fara ji a jikinki. Ba sharhi, ba zagin kai. Bayan ranaku huɗu ko biyar ki karanta, zaki sha mamaki, dan kusan kullum abin yana da lokacinsa da ƙofar da yake shigowa, wata sai ta ga duk ihunta daf da barcin rana ne lokacin da kowa ya gaji, wata sai ta ga sai in yara biyu sun haɗa kuka lokaci ɗaya, wata kuma sai in an kusa zuwa ɗaukar yara tana so a tarar da komai tsaf. Jiki kuma yana riga baki, wuya ya ɗau zafi, haƙora su datse, numfashi ya gajarce, akwai 'yan daƙiƙu tsakanin wannan da ihun kuma duk gyaran a cikin 'yan daƙiƙun nan yake. In kin ji alamar ki ambaci sunan abin a ranki, raina ya ɓaci, ko kuma kunya nake ji, ko tsoro nake ji kar a ce. Kamar wasa ko? A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Kalifoniya sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon fuskoki masu fushi da tsoro, suka ga in mutum ya sa wa abin suna da kalma, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ƙararrawar tsoro da ake kira amigdala yana rage tashi. Ba ya kashe fushin, yana dai ba ki ɗan wuri ki juya.

Kuma kar ki ce daga yau na daina ihu, wannan alƙawarin kin sha yinsa na tabbata. Ki shirya abinda zaki yi tun kafin lokacin, a bayyane, in ya ture wani zan durƙusa daidai tsayinsa in riƙe hannayensa biyu kafin in buɗe baki. Wani masani Peter Gollwitzer ya yi bincike mai yawa a kan irin wannan shiri na in kaza ya faru zan yi kaza, kuma ya fi niyya tsurarta aiki nesa ba kusa ba, saboda lokacin da rai ya ɓaci ba lokacin tunani ba ne, sai abinda aka riga aka ajiye a kusa hannu yake kaiwa. Durƙusawar ma kanta dabara ce, da wuya mutum ya yi ihu yana durƙushe ido cikin ido da yaro.

Akwai kuma abinda duk rubutunki ba zai nuna miki ba sai wani ya gaya miki, kamar ƙeyarki ce, kowa yana gani banda ke. Ni kaina ban san yadda muryata take in ina faɗa ba sai ranar da na manta waya tana ɗaukar saƙon murya na juya ina yi wa yara magana, da na saurara sai da na ji kamar in nutse, ashe abinda nake kira ɗaga murya kaɗan tsawa ce sosai. Ki zaɓi ɗaya cikin matan nan uku wadda kika fi yarda da hankalinta, ki ce mata dan Allah gaya min gaskiya, ya kike ganin yadda nake da yarona in muna tare, sannan ki yi shiru ki ji, kar ki kare kanki ko da kalma ɗaya. Ba mamaki ki tarar sun daɗe da lura, suna jin nauyin faɗa ne, kuma abinda kike tsoron su ce na son kai ko a ransu babu.

Shi kuma yaron, abubuwan da yake buƙata ƙanana ne. Kafin yara su iso ki ba shi minti goma nasa shi kaɗai, ba waya a hannunki, ki gaya masa yau su wane za su zo, in kana son Mama ka zo ka taɓa ni zan ɗauke ka. Kuma in ya zo ki cika alƙawari ko na minti ɗaya ne, ko da wani a ɗaya cinyar, yaron da ya tabbata ƙofa a buɗe take ba ya yini a bakinta. Ki bar shi ya zaɓi kayan wasa biyu ko uku da ya fi so a ɓoye su sai baƙi sun tafi, sauran na kowa ne, mu manya ma ba komai namu muke ba aro ba. Ki ba shi ɗan aiki na mai gida, shi ne mai nuna wa kowa wajen ajiye takalmi, amma aiki fa na ce, ba alhakin kowa ba, kar ki sake ki ce masa kai ne babba ka haƙura, kin san inda wannan kalmar ta kai ki. In ya yi cizo ki fara da wadda aka ciza, ki duba ta ki lallashe ta, sannan ki juyo gare shi da murya ƙasa-ƙasa da magana gajera, ba a cizo, cizo da zafi, kana so a ba ka motar ne, ka ce ba ni. Ki ajiye shi kusa da ke har ya huce. Mizanin da zaki riƙe guda ɗaya ne, duk abinda zaki yi in ɗan maƙwabciya ne ya yi laifin, shi zaki yi wa naki, ba ƙari ba ragi. Da yamma ke da kanki ki gaya wa uwar yarinyar abinda ya faru da abinda kika yi, kin huta da fargabar labari ya riga ki.

Duka kam ki ajiye shi gaba ɗaya, a nan ba zan sassauta ba. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru masu yawa da ya shafi yara sama da 160,000, basu samu inda duka ya gyara hali ba, abinda suka samu yana tafiya tare da ƙarin faɗa da taurin kai. Ki duba ma da hankali, kina dukansa dan ki koya masa kar ya cuci wanda bai kai shi ƙarfi ba, da wanne zai yi aiki, da abinda kika faɗa ko da abinda hannunki ya yi?

Zaki sake yin ihu, ki sa wannan a ranki tun yanzu dan kar ranar ta zo ki ce shikenan na kasa. Tronick ɗin nan da na ambata a sama, da ya auna mu'amalar iyaye mata da jariransu daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya ga ko a cikin masu lafiyayyar shaƙuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin ne kawai suke daidai da juna, sauran duk saɓani ne da gyarawa, saɓani da gyarawa, kuma a wajen gyaran ne yaro yake koyon cewa in abu ya ɓaci yana dawowa. Donald Winnicott, likitan yara a Ingila, tun a shekarun 1950 yake cewa yaro ba cikakkiyar uwa yake buƙata ba, wadda ta isa dai ita yake buƙata. Dan haka ranar da kika kuskure, in kin huce ki je ki same shi ki ce ɗazu na yi maka ihu, ka ji tsoro, ban kyauta ba, ka yi haƙuri. Kar ki ƙara da amma kai ma. Girmanki ba zai ragu ba. Ina jin ke ba wanda ya taɓa zuwa ya ce miki haka kina ƙarama, ki lura da abinda zaki ji a ƙirjinki ranar da kika fara faɗa.

Sai wata magana da ya kamata ku zauna ku huɗu a kanta, yara takwas a hannun mace ɗaya har da ɗan shekara ɗaya da rabi sun yi yawa, ko wace ce. A Ingila mai reno a gida ita kaɗai a ƙa'ida ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, kuma cikinsu uku ne kacal ake yarda su zama ƙananan da basu isa makaranta ba. Ku naku duka takwas ƙanana ne. Wani kaso na ihunki ba fatalwa ba ce ba komai ba, lissafi ne, hannu biyu yara takwas. Ku duba ko za a riƙa yin bibbiyu, ko a samu mai taimako ko da na awoyin da littafinki ya nuna sun fi zafi, kuma ku daidaita dokokinku su zama kaɗan kuma iri ɗaya a duk gidajen, da abinda za a yi in yaro ya yi cizo ko duka, kowa ta sani tun kafin ya faru. Ki tambaye su ma ya nasu yaran suke yi a ranar tasu, ina kyautata zaton zaki ji labari irin naki.

Fitsarin kwance a shekara uku ba abin tashin hankali ba ne, likitoci ma ba sa lissafa shi matsala sai yaro ya kai biyar, kuma yana yawan dawowa in yaro yana cikin damuwa. Kar a yi masa faɗa, kar a faɗa a gaban yara. Amma in kin ga yana kuka wajen fitsari, ko zazzaɓi, ko yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ko bayan gida yana masa wuya, ki kai shi asibiti a duba. Ke ma haka, in kukan daren nan ya zama kullum har sati biyu ko fiye, barci ya ƙi, komai ya fita ranki, ko kika ga hannunki yana riga ki duk da kin yi niyyar dainawa, ki nemi likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, abinda aka ɗora miki tun kina ƙarama ba dole ne ki sauke shi ke kaɗai ba.

Maganar maigidanki, ban ce bai da hujja ba, ɗansa yake gani yana wahala. Amma in kin cire shi yau kin raba shi da gidaje uku da yake jin daɗinsu saboda gida ɗaya, kuma muryar nan tana nan, ranar da ya samu ƙani ko baƙi suka zo da yara zata sake fitowa. Ki roƙe shi wata biyu. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya nuna sabon hali yana ɗaukar kamar kwana 66 a tsaka-tsaki kafin ya zauna, wasu ƙasa da haka sosai wasu har sama da kwana 200, kuma kuskuren rana ɗaya baya rushe shi, dan haka kar ya auna ki da sati ɗaya. Ki karanta masa saƙon da kika turo min yadda yake, har wajen yarintarki, dan ina zargin bai san wannan ɓangaren ba, kuma ki ba shi nasa aikin, ranar renonki in ya dawo ya ɗauki yaron su ɗan fita ke ki samu rabin awa ba kowa a jikinki. In wata biyun ya cika kika ga cizon yana ƙaruwa, ko ya fara ƙin zuwa sauran gidajen da yake so a da, ko ya daina wasa ya koma shiru, toh a nan sai a sake lissafi, ko a rage kwanakin ko ke ki huta da karɓar reno na wani lokaci ki biya rabonki ta wata hanyar. Ki rubuto min bayan ranakun renonki huɗu na farko, ina so in ji ƙarfe nawa littafin ya nuna.